'Yar Mowa ta hana ni barci

Laraba. Zafin Gombe yau sai addu'a, ga shi tun la'asar aka ɗauke wuta. Na je Pantami karɓar ɗinki, bai gamu ba. Sai Asabar.

Bayan isha'i Ummi ta zo da littafinta, wai an ce su kwatanta halin 'yar Bora da na 'yar Mowa a tatsuniyar ruwan Bagaja. Daɗi ya kama ni, don da ita Inna ke sa mu barci a Kumo. Na haska mata fitilar waya na fara zubawa. 'Yar Mowa ce ta yi fitsarin kwance, aka ɗora wa 'yar Bora, aka kore ta da kirgi ta je ta wanko. Ta tarar da cinya da kare, ta gaishe su da ladabi. Aka ba ta ƙwayar shinkafa ɗaya ta dafa, ba ta raina ba, tukunya ta cika. Wajen zaɓen ƙwai ta ɗauki wanda ya yi shiru, ta koma gida bisa doki ana kiɗa. Ita kuwa 'yar Mowa ta je da gatsali, ta ɗauki mai cewa "ɗauke ni", ta dawo kan jaki, kutare da makafi na biye.

Na ce, "To rubuta: wannan haƙuri, waccan rashin kunya."

Ta riƙe biro ta ƙi rubutawa.

"Mama, wa ya tura 'yar Mowa?"

"Uwarta mana, don kishi."

"To ai ba wanda ya taɓa koya mata gaisuwa. Ko ranar fitsarin ma ba a yi mata faɗa ba. Ni tausayi ta ba ni."

Tun ina ƙarama nake murna idan an zo wajen jakin nan, ban taɓa tambayar wanda ya hau da ita ba. 'Yar Bora wahala ce ta koya mata sunkuyar da kai. Waccan kuwa gata ya rufe mata ido, aka turo ta daji haka.

Sai farantin tangaran na shekaranjiya ya faɗo mini. Na san sarai Ummi ce ta fasa shi, amma Hajjo, yarinyar da ke zaune a wurinmu, na yi wa faɗa. Ba ta ce uffan ba, ta ɗauko tsintsiya ta share.

Ƙarfe 11 na leƙa ɗakinsu. Ummi na kan katifa, Hajjo a tabarma bakin ƙofa, ƙafarta a waje sauro na ci. Na ja zane na rufe mata, na daɗe a tsaye.