Yau ma ba a yi fenti ba

Asabar.

Bokitan fenti suna nan a baranda inda Abban Ummi ya jera su tun farkon mako, kuma da alama za su daɗe a wurin. Birkila ya zo da hantsi, ya duba bangon falo, ya ce a dakata tukuna.

Jiya da la'asar ya aiko yaronsa da farar leda. Aka yanka ta, aka manna a bango da salatif ta kowane gefe yadda iska ba za ta shiga ba, ɗaya a falo, ɗaya a ɗakin yara, ɗaya a kan daɓen kicin. Ya ce kada kowa ya taɓa sai ya zo. Da ya ɓamɓare ta falon yau, cikinta duk raɓa, wurin da ta rufe kuma ya fi sauran bangon duhu. Ya miƙa wa Abban Ummi ledar.

"Alhaji, ka ga wannan? Daga cikin bulo ya fito. In ka shafa fenti yau, kafin wata ya zagayo zai kumbura ya zube, kuɗinka ya tafi a banza."

"Amma Baba, ai in ka taɓa a bushe yake."

"Fatarsa ce ta bushe."

Dattijo ne mai haƙurin bayani, na tsaya daga bakin ƙofa ina saurare. Ya nuna layin laka da ruwan ambaliya ya bari, wanda ya kai ƙuguna, sannan ya ɗaga hannu kusan kamu guda sama da shi ya ce danshi ya kai nan. Bulo da filasta cike suke da ƙananan ƙofofi, suna jan ruwa sama yadda lagwani yake jan kananzir, shi ya sa inda ambaliya ba ta taɓa ba ma yake jiƙewa. Ya ce lissafin tsofaffin magina shi ne kowane inci ɗaya na kaurin bango yana cin wata ɗaya kafin ya bushe. Busasshiyar iska da zafi suna rage kwanakin, damina tana ƙara su. Na dubi kaurin bangon a bakin taga, na yi lissafina a zuci, ban faɗa ba.

Akwai wani farin gari da yake ta tsirowa a ƙasan bangon, a share yau gobe ya dawo. Ummi ta ɗauko ruwa da tsumma za ta goge, Baba ya tare ta. Gishiri ne, in ji shi, wanda ruwa yake narkarwa a cikin siminti ya fito da shi waje, in ruwan ya ƙafe sai ya bar shi a fuskar bango. In aka wanke da ruwa, narkewa zai yi ya koma inda ya fito. A kankare shi a bushe da burushi mai tauri, a kwashe, a zubar. Ya ƙara da cewa ranar da aka share ya daina dawowa, an kusa. Kuma ko an zo yin fentin, kada a fara da mai sheƙi, domin shi toshe bango yake yi, sauran danshin ya rasa hanyar fita.

Abban Ummi bai ji daɗi ba. Ya raka shi bakin ƙofa, ya dawo ya zauna a kan benci bai ce uffan ba. Na san abin da yake damunsa, kuma ba ƙawar ɗaki ba ce. Layin nan ne ba ya son gani. Duk wanda ya shigo gidan nan, kafin ya amsa gaisuwa idonsa ya sauka a kansa, sai a sake ɗauko labarin daren daga farko: ƙarfe nawa ruwa ya shigo, ta ina, wa ya ɗauki wa. Yana so a shafe shi gida ya koma gida. Ni ma haka nake so. Sai dai na fi tsoron a yi aiki sau biyu da kuɗin da ko na sau ɗaya da ƙyar aka haɗa.

Wani abin da ban taɓa tunani ba kafin ya same mu shi ne yadda mutane suke ɗaukar janyewar ruwa a matsayin ƙarshen magana. A makon farko gidan nan bai rabu da jama'a ba, Allah ya saka musu da alheri. Maƙwabta sun zo da shebur da baro aka kwashe laka tun tana da ɗanye, kuma wannan taimakon ya fi kowane, don in ta bushe sai da abin kankara, ga ƙura. Yanzu kuwa in na haɗu da mutum sai ya ce, "To, ai an gama komai ko?" Sai in ce alhamdulillahi. Me zan ce? Ba laifinsu ba ne, kowa da abin da ya dame shi, mai ɗaki kuma shi ya san inda yake masa yoyo. Amma gaskiyar ita ce ruwa ya fita a cikin kwana biyu, mu kuwa har yau a ɗaki ɗaya muke kwana mu duka, tagogi a buɗe dare da rana.

Bayan tafiyar Baba na shiga ɗakin yara da takunkumi da safar hannu. Funfuna ta sake fitowa a bayan ƙofa, baƙa-baƙa, da warin nan nata da yake kama maƙogwaro. Awa 24 zuwa 48 kawai take buƙata ta fara tsiro a kan abu mai danshi, mu kuwa sai da aka yi kwanaki kafin a bar mu mu dawo gidan, don haka ta riga mu shiga. Na fara wankewa da ruwa da sabulu, sannan na bi da bilic da aka tsarma. Dole a bi wannan tsarin, saboda datti yana kashe ƙarfin bilic, in an zuba shi a kan laka an yi asara ne kawai. Kuma ba na haɗa shi da wani maganin wanke-wanke ko kaɗan. In ya haɗu da mai amoniya ko mai asid a ciki, iska mai guba yake fitarwa, a rufaffen ɗaki tana iya kwantar da mutum.

Kafinta ya leƙo da azahar ya yanke hukunci a kan kayan katako. Kabad ɗin da aka yi da matsattsen garin katako ya kumbura ya fara rududdugewa, babu abin da za a yi masa. Tsohon gadon da nake ta cewa a canza, shi na katakon gaske, ya tsira. Ya ce a ci gaba da shanya shi a inuwa inda iska take kaɗawa, rana za ta sa ya tsage ya karkace. Katifu da kushin tun tuni aka fitar da su. A lokacin na yi ta jin ciwon abin, har wata maƙwabciya ta ce a shanya su kawai. Amma ruwan ambaliya ba ruwan sama ba ne. Kafin ya iso falona ya bi ta kwata da masai da juji, ya kwaso man mota da fitsarin ɓera da abin da ba a faɗa. Soso in ya sha wannan, babu ranar da za ta tsarkake cikinsa.

Sauran yinin a kan takardu na ƙarar da shi, kuma a nan ne na fi daɗewa.

Ranar da muka dawo, ƙanwata ta tattara duk takardun da suka jiƙe, ta sa su a leda kashi-kashi, ta tafi da su gidanta ta jefa a firiza. Na ɗauka ruɗewa ce ta sa ta. Ashe haka masu adana tsofaffin littattafai suke yi: ƙanƙara ba ta busar da takarda, amma tana tsayar da funfuna, tana hana tawada ci gaba da yaɗuwa, har mutum ya sami lokacin bin su ɗaya bayan ɗaya. Yau ta kawo mini ƙulli guda. Muka bar shi ya saki, muka shimfiɗa zani a ƙasa, muka kunna fanka ba ta fuskantar su kai tsaye ba, muna raba shafi daga shafi da bakin wuƙa mara kaifi, muna sa farar takarda a tsakani tana tsotse ruwan.

Takardun haihuwar yara sun fita, sun yi ƙudundune amma ana karanta su. Takardar shaidar karatuna ta yi taswirar laka a gefe, sunana dai yana nan. Abin da aka buga da inji yawanci ya tsira, abin da aka rubuta da hannu ne ya tafi. Littafin da nake rubuta bashin da ake bina da wanda nake bi ya zama shuɗi fes daga farko har ƙarshe. Ƙanwata ta ce to shi ke nan, an yafe wa kowa. Muka yi dariya har da hawaye, kuma rabona da irin wannan dariyar tun kafin ruwan.

Hotuna su ne masu wuya. Sun manne da juna, in ka ja sai fuskar mutum ta bi bayan ɗaya hoton. Sai an tsoma su a ruwa mai tsabta mai sanyi, a jira su rabu da kansu, a ɗauraye a hankali ba tare da taɓa fuskar ba, a shimfiɗa su fuska sama. Wasu sun dawo. Na Innarmu, Allah ya jiƙanta, wanda take riƙe da Ummi tana jaririya, rabinsa ya narke. Ummi ta fito sarai, Inna kuwa sai hannunta da gefen mayafi. Ba mu da wani kwafinsa. Ƙanwata ta ɗauke shi a waya yadda yake, ta ce za ta tambayi 'yan'uwa ko wani yana da irinsa. Daga nan muka bi duk abin da ya bushe muna ɗauka a waya, takarda da hoto, ta tura su inda ko wayar ta faɗa ruwa ba za su ɓata ba. Hotunan ɓarnar da Abban Ummi ya ɗauka kafin a fara shara su ma suna can, don duk wanda za a je wa da maganar diyya ko tallafi, shaida yake fara tambaya.

Wajen la'asar hadari ya haɗu. Bai ma yi ruwan kirki ba, yayyafi ne, amma auta yana jin ƙararsa a kan rufi ya bar wasansa ya zo ya riƙe zanina.

"Umma, zai shigo?"

"Ba zai shigo ba. Zo mu duba."

Na daina ce masa kada ya ji tsoro, don ba ya jin wannan. Abin da yake yi masa aiki shi ne in kai shi bakin ƙofa ya ga kwata tana tafiya da idonsa, ya ga jakar da muka rataya a sama da fitila da takardu a ciki, ya san inda za mu nufa in an ce a fita. Yana kuma tambaya ko zai iya tafiya a cikin ruwan da kansa tunda ya girma. Na ce masa ko babansa ba zai yi ba, ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Ni kaina, in faɗi gaskiya, duk daren da aka yi ruwa sai na sauko da ƙafa na taɓa ƙasa kafin barci ya sake ɗaukata. Tarin da auta yake yi ya ragu tun da muka daina barinsa shiga ɗakin da funfuna take.

Da ruwan ya tsaya na zaga bayan gida na kifar da duk abin da ya tara ruwa, gwangwani da tsohuwar taya da murfin bokiti. Sauro daga ƙwai zuwa mai cizo mako ɗaya ne zuwa biyu, kuma bana sun yi mana yawa. Ruwan sha har yanzu tafasa shi nake yi, in ya tafaso in bar shi minti ɗaya cur yana ɓararraka. Rijiyar an kwashe ta an zuba magani, amma ba a gwada ta ba, ni kuma ba zan ba yara ruwan da ambaliya ta shiga bisa zato ba.

Mai gyaran wuta ya kira bayan magariba. Bai yarda a mayar da wuta ɓangaren da ya nutse ba, ya ce laka tana nan maƙale a cikin soket-soket da bututun waya, tana riƙe danshi tana cin ƙarfe. Zai canza su duka, kuma shawararsa a ɗaga su sama da inda ruwa ya kai, tunda dai za a fasa filasta. Kafin nan da janareta muke lallaɓawa, yana can waje nesa da taga, fiye da mita 6, ko ana ruwa ba ya shigowa baranda. Gubar da take cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, mutane suna barci take kashe su.

Maganar ɗaga soket ɗin ce ta jawo wadda muke ta kaucewa. Bayan yara sun kwanta Abban Ummi ya ce, in muka ɗaga su, mun yarda ke nan ruwa zai dawo. Na ce ko mun yarda ko ba mu yarda ba, gidan a gangare yake, kuma ruwan da ya san hanya sau ɗaya ya santa. Ya ce to mu sayar mu tashi. Na ce wa zai saya da layin laka a bango, kuma da wane kuɗin za mu sayi wani a tudu? Ya ce shi ya sa yake son fenti. Na ce ashe mu rufe wa wani bawan Allah ido ke nan. Ya yi shiru, sannan ya ce ba haka yake nufi ba, na kuma san ba haka yake nufi ba.

Ba mu yanke komai a kan tashi ba. Abin da muka tsayar shi ne mai wuta ya zo ranar Litinin ya ɗaga soket ɗin, Baba ya ɗaga dokin ƙofar gida da ta baya, fenti kuma a mayar wa mai shago in zai karɓa, in ya ƙi a kai shi ɗakin ajiya. Gobe akwai ragowar ƙullin takardu a firizar ƙanwata, har da takardun gidan.