Abin da matakalar bene ta koya min kan filawud da MDF

Shagona yana nan Kano, ni da yara huɗu, kicin da wadirof muka fi yi, amma 'yan shekarun nan aikin matakalar bene ya fara shigo mana sosai, don masu gina duplex sun gaji da tayil, wai santsi gare shi kuma ga sanyi lokacin hunturu. Kowa sai ya zo da hoto a waya ya ce irin wannan nake so.

A da, da iroko ko madaci muke yi, falanki guda mai faɗin kafa ɗaya. To matsalar ita ce katakon da ake kawowa kasuwar katako ta Na'ibawa yawanci daga kudu yake zuwa da ruwansa a jiki, kana ɗora shi hunturu ya buga shi sai ya tsuke, ya lanƙwashe kamar kwale-kwale, wani ma ya tsage tun daga kai. Damina ta zo ya sake kumbura. Shi ya sa na koma katakon kamfani, amma fa shi ma suna ne ya tara su, hali kowa da nasa.

Filawud siraran yanka ne aka jera da gam, wannan a tsaye wancan a kwance, shi ya sa in ɗaya ya so motsi sai ɗayan ya riƙe shi. MDF kuwa garin katako ne aka kwaɓa da gam aka matse, fuskarsa sumul, fenti yana zama a kai kamar gilashi, amma shi da ruwa ba a ga maciji. HDF ɗan'uwansa ne, ya dai fi shi matsewa da nauyi.

Ni MDF ne ya taɓa kunyata ni. Wani gida ne, matakala 18, maigidan yana sauri zai tare kafin sallah, kwankaren ma bai gama shan iska ba. Na ce Alhaji a ɗan jira, ya ce malam kafinta ni dai a gama min. Na biye masa, na shafa gam na manna MDF mai kaurin 18mm kai tsaye a kan siminti, muka fesa fenti, wallahi ranar har hoto na ɗauka don kyau. Ba a yi wata huɗu ba Hajiya ta kira ni. Ina zuwa na ga bakin matakala ta ɗaya da ta biyu ya tashi kamar burodin da aka tsoma a shayi, na sa farce sai ga shi yana marmashewa. Danshi ta ƙasa, ga yarinyar gida kullum da safe da bokiti da mofa ta sama. Kuma MDF in ya kumbura ya kumbura kenan, ko ka shanya shi a rana baya komawa. Da kuɗina na ɓamɓare na sake.

Tun daga nan duk kwankaren da zan rufe sai na manna masa leda da selotef ta kwana, da safe in na ɗaga na ga gumi a ciki to ba aiki, ko waye mai gidan. Kwana 28 da birkiloli ke faɗa na ƙarfin siminti ne, bushewa daban take.

Yanzu filawud ɗin da ake kira marine nake sa, mai gam ɗin da ruwa baya ci, shi ma sai na duba gefensa na ƙirga layukan, in na ga ramuka a tsakani na ajiye, don a kasuwa komai ma marine ake ce masa. Shit ɗaya kafa 4 ne da kafa 8, yana ba ni matakala takwas masu 30cm da 120cm. Ta tsawo nake yankawa, layi huɗu sannan a raba kowanne biyu, saboda jijiyar fuskar ta bi tsawon matakalar. A kan kwankare kyau kawai wannan ke ƙarawa, amma in matakalar ƙarfe ce da welda ya haɗa, ƙasanta fayau ba komai, to nan dole ne, kuma shit biyu nake haɗewa ya zama 36mm, in ba haka ba mutum mai jiki ya taka sai ka ji tana lotsawa.

Bakin matakala kuwa ban yarda da komai ba sai katakon gaske. Nan ne ƙafa ke duka, nan ake jan akwati da buhun shinkafa, tef ɗin gefe da muke sa wa kicin kabinet ba zai yi shekara ba a wurin. Siririn iroko busasshe nake fiƙewa, na yi masa tsagi ya shiga jikin filawud ɗin da gam, sannan a shafe ko'ina da banish har ƙasan da ba a gani, har da maganin gara, don gara ba ruwanta da cewa kamfani ne ya yi.

A Amurka na ga a bidiyo suna amfani da OSB, wannan mai kama da an barbaza ɓawon katako an matse, har da bakinsa a zagaye daga kamfani. Amma su gidan ma na katako ne kuma kafet suke shimfiɗawa a kai, ba a mofa. Kar wani ya kwaso wannan ya kawo gidan da ake wanke bene da ruwa.

Abu ɗaya da har yau muke faɗa da birkiloli shi ne tsayi. Matakala ta fi daɗin hawa in tana tsakanin 15cm da 18cm kuma duk ɗaya, to in ka ɗora katako a kowacce amma ba a lissafa tayil ɗin falo da na sama ba, ta farko sai ta fi tsayi, ta ƙarshe ta gajarce, kuma ƙafa bata mantuwa, nan tsofaffi ke tuntuɓe da dare. Shi ya sa nake roƙon masu gini su kira ni tun ana kafa katakon zuba kwankare, na zo da tef ɗina mu auna tare, kuɗin mai kawai za a ba ni.