Bakanike a Tekun Arewa

Cikin watan Nuwamba na sauka a Abadin, can gaɓar arewa maso gabashin Sikotlan, da jaka ɗaya da wata rigar sanyi da na saya a Kantin Kwari. Mai shagon har rantsuwa ya yi mini cewa ƙanƙara ma ba ta ratsa ta. Tun kafin in kai wurin tasi na gane bawan Allahn nan bai taɓa ganin ƙanƙara ba. Garin kuwa duk toka-toka, da dutsen da aka gina gidajen, da sararin sama, da tekun kansa. A Disamba rana ba ta leƙowa sai wajen tara saura kwata, kafin uku da rabi ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba a jere suke zuwa kamar 'yan ɗaki ɗaya. Ka ce bari ka ɗan kishingiɗa bayan azahar, sai ka farka da ramuwa. Alƙibla ma da na saba fuskantar gabas, nan sai da na karkata kudu maso gabas.

Ni bakanike ne. A gareji na tashi a Kano, hannun wani maigida da ya san injin dizal kamar yunwar cikinsa. Daga nan na bi motocin haƙar burtsatse, muka zaga ƙauyukan Jigawa da Katsina, sannan rabo ya kai ni Fatakwal wurin masu haƙar mai. Bayan wasu shekaru kamfanin ya turo ni nan. Na zo ina ji da kaina, don a ganina injin duk injin ne.

Kafin a bari ka taka jirgi mai saukar ungulu zuwa dandalin haƙar mai da ke tsakiyar teku, sai likita ya duba ka, sai kuma ka yi kwas ɗin tsira da rai, wanda ake sabuntawa duk shekara 4. A nan aka fara sauke mini girman kai. Za a ɗaure ka a kujera cikin wani akwati mai siffar jirgin, a nutsar da shi a tafkin wanka, a kife shi. Kai kuma hannu ɗaya a taga, ɗaya a maɓallin bel, ka jira ya daina juyawa, ka tura tagar, ka kwance, ka fito. Ni da iyakar ruwana kududdufin unguwarmu, shi ma sai a ɓoye. Karo na farko na sha ruwa har na ƙoshi, na fito ina tari ina salati, malamin ya ce a sake.

A teku mako uku muke yi, awa 12 kullum, sannan mako uku a gida. Abu ɗaya da ya sa na saki jiki da wuri shi ne ba a shiga da giya ko kaɗan; kowa shayi ne abin shansa, ni da su duka.

Aikina shi ne kada wani abu mai juyawa ya tsaya. Akwai janaretoci da ke ba komai wuta. Akwai injin da ke naɗe igiyar ƙarfe yana ɗaga bututu yana saukewa, da birkinsa. Akwai wanda ke rataye a sama yana murza bututun. Sai famfunan laka, waɗanda su ne ciwon kaina kuma su na fi so. Lakar ba irin ta bakin rafi ba ce, haɗa ta ake yi da awo, a tura ta cikin bututu har ƙasan rijiya, ta sanyaya bakin haƙar, ta kwaso tsakuwa zuwa sama, nauyinta kuma ya danne gas kada ya taso. Famfo ya tsaya, haƙa ta tsaya, kuma kowace awa kuɗi ne da ba na son in ji adadinsu.

A makona na farko na hangi mai yana ɗiga daga wani noti a jikin famfon da ke kashe. Ban yi wata-wata ba na zaro sifana. Hannuna bai kai ba na ji an riƙe mini kafaɗa. Shugaban makanikai ne, wani dattijo ɗan garin mai furfura har a gira.

“Samari, ina takardarka?”

Na ce minti biyu ne fa, noti ɗaya.

“Wa ya san kana nan? Wa ya kashe wutar? Ina kwaɗonka?”

Ya sa na mayar da sifanar aljihu. Muka je aka cike takardar izinin aiki, mai lantarki ya zo ya katse wuta, na maƙala kwaɗona da sunana a kai, aka sauke matsin da ya rage a cikin bututu, aka danna maɓalli don a tabbatar ba zai tashi ba. Kusan awa guda, saboda noti ɗaya. Daren nan ban yi barcin kirki ba don haushi. Na ce a raina mutanen nan biro ya fi ƙarfinsu, da maigidana ne da tuni ya gama ya wanke hannu.

Da muka sauko tudu, dattijon ya ce in same shi a lambun Hazlehead. Ya kai ni gaban wasu mutum-mutumi uku na tagulla, sanye da kayan aiki irin namu, sunaye zagaye da gindinsu. Na tunawa da mutanen Piper Alpha ne, dandalin man da ya ƙone daren 6 ga Yuli, 1988, kimanin mil 120 daga inda muke tsaye. Mutum 167 suka mutu, 61 suka tsira. Masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya na wani famfo don su yi masa sabis, ba su gama ba, suka toshe wurin da faifan ƙarfe da ba a ɗaure sosai ba. Da dare ɗaya famfon ya tsaya, masu aikin dare suka kunna wancan, don labarin bawul ɗin bai iso gare su ba. Gas ya fita, wuta ta kama. Alƙalin da ya yi binciken, Cullen, ya fitar da shawarwari 106 a 1990, yawancin takardun da nake ƙorafi a kansu daga can suka ƙara tsauri. Dattijon bai yi mini wa'azi ba. Ya tsaya yana karanta sunayen, ya ce a garin nan da wuya ka sami ɗan shekarunsa da bai san wani a cikinsu ba. Daga nan ya saya mini shayi.

To, sai na koma ɗan koyo da gemuna. A gida sai abu ya lalace ake kiran bakanike. Nan in ya lalace tambayarka za a yi ina kake. Kowane injin yana da awoyinsa, in sun cika za a juye mai, a canza filta, ko da yana aiki lafiya lau. Ana ɗibar man a kwalba a aika tudu, a duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki. Igiyar ɗaga bututu ana lissafa nauyin da ta ɗauka da nisan da ta yi, lissafi na cika a zaro sabuwa daga naɗi a datse tsohuwar, ko ido bai ga zare ɗaya da ya tsinke ba. Noti ba a ɗaure shi da “ya ji”, akwai sifana mai awo, ka saita lamba, ta yi ƙas, ka tsaya. Har giris sai da na sake koyo. Mu mun tashi da cewa giris ba ya yawa, ashe in ka cika shi boris zafi yake ɗauka, roba ta fashe. In za ka hau sama, kowace sifana da igiyarta, ka ƙirga kayanka kafin ka hau, ka ƙirga in ka sauko. Ga gishirin teku da ke cin ƙarfe dare da rana. Sannan mafi wuya a gare ni, rubutun miƙa aiki: me ka kwance, me ka bari a buɗe, me ka ji bai yi maka ba. Turancina na baki ne, kuma nasu Turancin ma sai da na yi wata uku kafin in gane “fit layik” gaisuwa ce.

Amma ba duka na sallama musu ba. Har yau raina yana ɓaci in na ga an jefa kaya a kwandon shara da na san maigidana zai more su shekara biyu. Kuma samarinsu da yawa in allon kwamfuta bai yi ja ba, ba su san akwai matsala ba. Wani dare ina wucewa ta gefen famfo na biyu, na ji bugunsa ya sauya, akwai wani ɗan “tsit” a tsakani. Na ɗora bakin sukundireba a kan murfin bawul, na kafa kunne a ƙotar, yadda aka koya mini ina ɗan shekara goma sha huɗu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na kama mai yoyon. Agogon matsi bai nuna komai ba tukuna, don haka mai kula da haƙa ya so ya yi gardama, dattijon ya ce a koma kan ɗaya famfon. Wannan karon ni da kaina na je neman takarda. Da muka buɗe, laka ta fara yanka mazaunin bawul ɗin, ta yi masa ’yar hanya kamar an ja zarto. Da an bar shi zuwa safe, jikin famfon za ta ci. Washegari na tarar da samari biyu da sukundireba a kunne.

Iyali sun biyo ni a shekara ta biyu. Uwargida ta gano shagunan da ake samun garin masara da kuɓewa, muka kuma koyi tambaya kafin sayen burodin garin da suke kira rowi, don bisa al'ada da kitsen alade ake yin sa. Ranar Juma'a a masallaci nakan haɗu da 'yan gida, injiniyoyi da ɗaliban jami'o'in garin biyu, mu tsaya a bakin ƙofa muna Hausa har sanyi ya kore mu. Yaran kuwa sun riga ni iya harshen mutanen, su ke yi mini tafinta a wurin mai gyaran hita.

Bara na aika wa maigidana sifana mai awo. Na kira shi in ji ko ta iso.

“Ta iso, ɗan nan, Allah ya yi albarka. Amma hannuna bai tsufa ba tukuna.”

Na ce haka ne, Baba. Daga baya wani yaron garejin ya tsegunta mini cewa a ƙusa take rataye cikin ledarta, ba mai taɓawa. Sai in za a ɗaure kan injin, ya aiki yaran sayen shayi, ya sauko da ita.