Abin da na koya game da zaɓen jami'a kafin karatun likita a Amurka

A Najeriya mai son zama likita yakan rubuta jarrabawar JAMB, ya shiga MBBS, wato digirin likitanci, kai tsaye, ya yi shekara 6. A Amurka kuwa sai ɗalibi ya kammala digirin farko na shekara 4, a duk fannin da ya ga dama muddin ya ɗauki darussan kimiyyar da ake buƙata, kafin ya nemi makarantar likitanci, wadda ita ma shekara 4 ce. Jami'ar farko tsani ce kawai, amma ni saboda suna na zaɓi tawa, don a riƙa cewa ɗan wane yana babbar jami'a.

Zangon farko ya isa ya nuna mini kuskurena. A darasin kimiyyar sinadarai mun kai ɗaruruwa a zaure guda, malamin yana can ƙasa riƙe da makirufo, kuma ana ba da maki ne gwargwadon yadda mutum ya tsere wa 'yan ajinsu, waɗanda kowannensu zakara ne a sakandarensa. Alhali abin da makarantun likitanci ke fara dubawa shi ne matsakaicin makin digiri, wato GPA, da sakamakon MCAT, jarrabawar neman shiga makarantar likitanci da ke cin kusan awa bakwai da rabi, ana ba da makinta daga 472 zuwa 528. Sunan jami'a yana da ɗan tasiri, amma ba ya wanke maki mara kyau.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wasiƙar shaida da malami ke rubuta wa mai neman makarantar likitanci. Na je ofishin malamin da na yi shekara guda ina zama a gabansa, na yi sallama, ya ɗago kai daga kwamfuta ya ce in tuna masa sunana. Na fito ina tambayar kaina me zai rubuta a kan wanda bai sani ba. Daga baya ne na ji labarin Jami'ar Xavier da ke New Orleans, ƙaramar makaranta da ta daɗe tana sahun gaba wajen tura ɗalibai baƙar fata makarantun likitanci, saboda malamanta suna bin ɗalibi sau da ƙafa tun daga shekarar farko.

Na kuma koyi yin hattara da alƙaluman talla. Idan jami'a ta yi alfahari da yawan ɗalibanta da suka samu gurbi, ya kamata a tambaya ko lissafin ya haɗa da duk wanda ya nema, ko kuwa waɗanda kwamitinta mai tantance masu neman likitanci ya yarda ya mara wa baya kaɗai. Kusancin asibiti ma abin dubawa ne, domin ana son ganin mai nema ya yi aikin sa kai kuma ya bi likitoci yana kallon aikinsu.

Sai batun kuɗi, wanda na raina tun farko. Bashin digirin farko yana nan yana jiran mutum sa'ad da kuɗin makarantar likitanci zai hau kansa, kuma jami'o'in gwamnatin jiha sun fi sauƙi ga mazauna jihar. Ɗalibin da ya zo da bizar karatu nasa ya fi tsanani, domin ba ya samun rancen gwamnatin tarayya, makarantun likitanci da yawa ba sa ɗaukar 'yan ƙasashen waje, wasu da ke ɗauka kuma sai an nuna musu kuɗin karatun tukuna. Da ƙanwata ta zo zaɓen tata jami'ar, tambayar da na sa ta fara yi ita ce mutum nawa ke zama a ajin sinadarai na shekarar farko.