Kukan Kwaɗi a Bakin Gaji

Mun bar Bauchi bayan sallar Asuba a tsakiyar damina, muka bi hanyar Gombe, muka karya kwana a Dindima zuwa Mainamaji, ƙofar shiga dajin Yankari. 'Yan motarmu giwayen Yankari suke ɗokin gani. Ni kuwa kwaɗi suka kawo ni, don tun ina yaro da kukansu nake barci, yanzu kuma fadamar bayan gidanmu ta yi tsit.

Abin da ya tsaya min a rai tun a hanya shi ne buhunan gawayi, jere a bakin titi, an toshe bakinsu da ganye. Bayansu kututture ne baƙi ƙirin, sai gonakin da aka yi wa feshin ciyawa, sun yi jawur.

Da magariba na zauna kusa da ruwan Wikki, mai ɗumin digiri 31 rani da damina, wanda ke gangarawa Kogin Gaji. Duhu na shiga daji ya ɗauka: wani kamar ana kaɗa ƙararrawa, wani kamar ana jan zarto, burduddugi na ba su amsa daga ƙasa. Wani dattijo mai gadin daji ya haska min wani kwaɗo a kan ganye. Bai fi babban yatsana ba, fatarsa na sheƙi, maƙogwaronsa na kumbura yana sacewa.

Na ce, "Baba, haka suke da yawa ko'ina?"

Ya ce, "A'a, ɗana. Nan akwai inuwa. Fita waje ka saurara."

Gaskiyarsa. Kwaɗo har ta fata yake numfashi, ta nan yake shan ruwa, don haka gubar da ta sauka kududdufi jikinsa take shiga kai tsaye. In aka sare bishiya, laima ta tafi, ƙwansa ya bushe. Binciken masana na 2023 ya nuna kusan kashi 41 cikin ɗari na jinsunan dangin kwaɗi suna fuskantar ƙarewa. Har ƙaton kwaɗon dazukan Kamaru, wanda aka laƙaba wa sunan Jaluta, mai nauyin fiye da kilo 3, farauta da saran daji sun tasa shi gaba.

A hanyar komawa na roƙi direba ya tsaya bakin wata fadama bayan Mainamaji, ya kashe mota. Ruwa na nan kwance, ga gorar maganin feshi tana yawo a kai. Mun yi kusan minti biyar muna kasa kunne, murya biyu kacal na ƙirga.