Jan ɗamara: yadda baƙo a Amurka ke shiga gidan barde

A Amurka gaisuwa ba ta zama zumunci. Maƙwabci zai yi ta ɗaga maka hannu har ya tashi daga unguwar bai san sunanka ba. Mu da muka daɗe a nan mun lura cewa a ƙungiya ake samun mutane, kuma ɗaya daga cikin waɗanda ƙofarsu ke buɗe ga baƙo ita ce Society for Creative Anachronism, ko SCA a taƙaice. An kafa ta a Bakli da ke Kalifoniya ranar 1 ga Mayun 1966. 'Ya'yanta suna raya rayuwar duniya ta kafin shekarar 1600: sutura, girki, ƙira, kiɗa da faɗan takobi. Ta kasa duniya zuwa masarautu 20, kuma da gasar faɗa ake fitar da sarki, ya yi mulkin 'yan watanni, galibi shida, ya sauka.

Shiga ba wuya. Kusan kowane reshe yana da mai tarbar sababbi da kayan aro, ba sai ka ɗinka komai ba kafin zuwan farko. Inda baƙo ke ruɗewa shi ne launin ɗamara, don a wajensu ɗamara magana take yi. Farar ɗamara da sarƙar zinariya marar ado na barde ne, wanda sarki ya naɗa saboda gwanintar faɗa da halin kirki. Kada ka kuskura ka ɗaura fara don ta dace da rigarka. Ja ta sukwaya ce, wato yaron barde. Kore ta almajirin ɗan Lorel ce, su ne gwanayen sana'a da ilimi. Rawaya ta wanda ke ƙarƙashin ɗan Felikan ce, su ne manyan masu hidima. A 2015 aka ƙara rukunin gwanayen siririn takobi, masu farin abin wuya, amma alamar yaransu ta bambanta daga masarauta zuwa masarauta. Launukan yara al'ada ce a yawancin wurare, don haka ka tambayi 'yan reshenku kafin ka sayi ɗamara.

Bahaushe zai ga wannan ya ce ai barantaka ce, ubangida da yaronsa. Akwai kama, domin alkawarin yana hawa kan mutum biyu: yaro ya yi biyayya da hidima, barde ya koyar, ya ba da kariya, ya tsaya masa a gaban manya. Iyakar kamar ke nan. Barden nan wataƙila malamin makaranta ne ko direba ranar Litinin. Ba zai biya maka haya ba, ba zai nema maka takardun zama ba, kuma in ka kai masa irin wannan buƙatar sai ka ga ya ja baya. Abin da zai ba ka shi ne lokacinsa, wuri a cikin gidansa na ƙungiya, da mutanen da za su kira ka in ba su gan ka a atisaye ba. Ga wanda ba shi da kowa a gari, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin maganar ɗamara sai ka iya faɗan. Takobin na sandar ratan ne, mai kama da gora amma ba rami a ciki, kaurinsa bai gaza inci ɗaya da kwata ba, an naɗe shi da tef. Kwalkwali na ƙarfe ne mai kaurin aƙalla milimita 1.6, kuma ratar sandunan fuska ba ta wuce inci ɗaya, don kada bakin sanda ya shiga. Dole a kare maƙogwaro, ƙoda, gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, yatsu da gaba. Alƙalin fili zai duba kayanka, ya kalli faɗanka, sannan ya ba ka katin izini. Wanda aka buga shi ke yanke hukunci da kansa: in bugun ya sauka da ƙarfi a kai ko gangar jiki ya “mutu” a wasan, in a cinya ne ya durƙusa ya ci gaba a kan gwiwa, in a hannu ne ya mayar da hannun baya. Wanda ke ƙin amsa bugu sunansa ɓaci yake yi da wuri, kuma bardawa sun fi kula da wannan a kan yawan nasara. Kada ka yi gaggawar sayen kwalkwali mai araha a intanet. Da yawa na ado ne, ba za su wuce dubawa ba.

Shawarata ita ce kada ka karɓi ɗamarar farko da aka miƙo maka. Kunya kan sa mu amsa wa babba da “to” alhali zuciya ba ta kwanta ba, a nan kuwa in ka ce kana son yin tunani ba wanda zai ji haushi. Ka zauna da sauran yaransa, ka ji yadda yake da su in sun yi kuskure. Gidaje da yawa suna fara ɗaukar mutum a matsayin ɗalibi ko dakare, wasu su sa wa'adin shekara ɗaya da kwana ɗaya. Ku yi magana ƙeƙe-da-ƙeƙe: atisaye nawa a wata, taro nawa a shekara, wa zai biya mai da kuɗin shiga, ko ana sa ran ka je Yaƙin Pennsic, zangon mako biyu da ake yi a Fensilbaniya a ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta. Mai aikin awa-awa da ke aika kuɗi gida ba zai iya duk wannan ba, gara ya faɗa tun farko.

Ranar rantsuwa yaro kan durƙusa, ya sa hannuwansa cikin na barde ko a kan takobi, kowa ya faɗi nasa alkawarin, a ɗaura masa ɗamara. Dokar ƙungiyar ta hana tilasta wa kowa wani abu na addini, kuma kalmomin rantsuwar ku biyu ne za ku tsara su. Musulmin da durƙuso ko wata kalma ba ta kwanta masa ba ya faɗa kafin ranar, a gyara. A wajen walima ana samun naman alade da giyar zuma, amma masu girki sukan fitar da jerin abin da suka zuba a kowane abinci.

Ba dole ba ne ka zama Bature na wasa. Kowa yana zaɓar suna da zamanin da zai wakilta, kuma Kano ta zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, tana cikin iyaka. Tarihin Kano ma ya ce Sarki Kanajeji ne ya shigo da lifidi, kwalkwali da sulke, don haka mai son fita a matsayin ɗan lifidi yana da hujja.

Jan ɗamara ba muƙami ba ne, ba kuma alkawarin farar ɗamara ba ne. Sarki ne ke naɗa barde bayan ya shawarci sauran bardawa, wasu su yi shekara goma suna jira, wasu a naɗa su ba su taɓa zama yaron kowa ba. Mu baƙi kuma aiki kan ɗauke mu daga jiha zuwa jiha. In nisa ya hana koyo, ka nemi barden ido da ido, ka roƙi ya sake ka daga rantsuwa, ka mayar masa da ɗamararsa hannu da hannu kafin ka nemi wani.