Yadda Na Ga Bakteriya Suna Miƙa wa Juna Sana'a

Tun ina yaro, idan muka tuge karan wake bayan kaka, nakan ga ƙananan ƙululu manne da saiwarsa, girmansu kamar ƙwayar dawa. Baba kan ce gonar da wake ya kwana a cikinta, geron baɗi ba ya jin yunwa. A jami'a aka faɗa mana masu gidan: bakteriya ne da ake kira rizobiya, suna zuƙo naitirojin daga iska su mayar wa shuka taki, ita kuma ta ba su masauki da sukari. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Na fita da fahimtar cewa wannan sana'a gadon gida ce, daga uwa sai 'ya. Wata huɗu da na yi ina horo a wani ɗakin bincike a Ostareliya su suka warware mini wannan fahimta.

Ranar farko malamata ta ba ni labarin wata gona a yankin Otago na Niyu Zilan. An shuka wata ciyawar kiwo mai suna Lotus a ƙasar da babu bakteriyar da ke iya yi mata ƙululu, sai aka shafa wa irin nau'i guda na rizobiyar da ake kira Mesorhizobium. Bayan shekara 7 aka dawo aka fasa ƙululun. Mafi yawan waɗanda aka tarar ba baƙon da aka kawo ba ne, 'yan ƙasa ne iri-iri, amma kowanne yana ɗauke da ƙunshin gado iri ɗaya sak da na baƙon. John Sullivan da Clive Ronson da abokan aikinsu suka bayyana wannan a 1995, a 1998 kuma suka nuna cewa ƙunshin wani yanki ne na DNA mai haruffa wajen dubu 500, suka kira shi tsibiri. A cikinsa akwai umarnin buɗe ƙofar saiwa da na kama naitirojin. Ta ce aikina shi ne in sa wannan tsibiri ya yi ƙaura a gaban idona.

A takarda abin ba wuya. Ga mai bayarwa, wani nau'in Mesorhizobium mai suna R7A, da tsibirinsa. Ga mai karɓa, R7ANS, ɗan'uwansa ne da aka raba da tsibirin, aka kuma ba shi kariya daga maganin tetarasaikilin. A gauraya su, a ɗiga a faranti, a ajiye a akwatin ɗumi a digiri 28, su kwana jiki da jiki. Daga nan a kwashe a shimfiɗa a wani farantin da aka zuba wa maganin, aka kuma hana shi bitamin uku: biyotin, tayamin da nikotinet. Dabarar ta burge ni ƙwarai. Maganin zai kashe mai bayarwa. Rashin bitamin zai tsayar da mai karɓa, domin umarnin haɗa waɗannan bitamin a cikin tsibirin yake. Duk wanda ya tsiro, to ya karɓi kaya.

Karon farko na buɗe akwatin bayan kwana shida, na ga farantan sun yi fari fat kamar an yayyafa musu kamu. Raina ya yi daɗi. Malamata ba ta dube su ba, ta ce in kawo farantin shaida, wanda na zuba mai karɓa shi kaɗai. Shi ma ya yi fari. Ban wanke ƙwayoyin ba kafin in shimfiɗa su, sai suka taho da guzurin bitamin daga abincinsu na baya. Mako guda ya tafi. Tun daga ranar nake wanke su sau biyu da ruwan gishiri, kuma farantin shaida nake fara ɗagawa kafin kowanne.

Karo na biyu kuma farantan suka zauna kusan wayam. A nan ne na fi ƙaruwa, domin sai da na koma na fahimci abin da ke faruwa a cikin ƙwayar. Tsibirin a ɗinke yake cikin kuromosom, wato babban kundin DNA na ƙwayar, a ƙarshen wani ɗan guri da ake kira phe-tRNA. Kafin ya tafi sai wasu furotin biyu, IntS da RdfS, sun farke ɗinkin, ya fito ya zama zobe. Wani furotin ya tsinka zare ɗaya daga cikin zaruruwa biyun da DNA ke da su, a zura shi ta wata kafa zuwa cikin maƙwabci. Can a saƙa masa zare na biyu, ya nemi irin gurbin da ya baro ya ɗinke kansa. Mai bayarwa bai yi asara ba, shi ma yana sake saƙa nasa. To amma ba kullum ake farke ɗinkin ba. Bakteriyar tana fitar da wani sinadari ɗan kaɗan, idan taro ya yi yawa sinadarin ya taru, sai furotin TraR ya ji, ya tayar da aikin. Akwai kuma mai taka burki, QseM, wanda ke hana mafi yawan ƙwayoyi motsawa ko da taron ya cika. Binciken Joshua Ramsay na 2006 ya nuna cewa a lokacin da suke ganiyar hayayyafa, ƙasa da ƙwaya ɗaya cikin dubu ce tsibirinta ke fita, amma idan suka cika suka tsaya, abin yakan kai wajen kashi 6 cikin ɗari. Ni kuwa garaje ya sa na ɗebi masu ɗanyen jini, ban kuma bar su sun jima tare ba. Da na ƙyale su suka manyanta, suka cunkushe, sai ga ɗigo-ɗigo masu sheƙi sun fito a faranti, na shaida kuma tas. Na daɗe a tsaye ina kallonsu.

Da na shafa su a saiwar Lotus, cikin 'yan makonni ƙululu suka fito, na tsaga na ga cikinsu ja-ja. Wannan ja na wani furotin ne ɗan'uwan wanda ke cikin jininmu, yana tsare iskar oksijin kada ta lalata injin kama naitirojin. Bakteriyar da a da ba ruwanta da shuka ta zama mai ciyar da ita.

Da a nan na tsaya, da na dawo gida ina cewa ƙaurar tsibiri alheri ce zalla. Gwajin ƙarshe a ɗakin rainon shuka ya hana ni. A Yammacin Ostareliya an shigo da wata ciyawar kiwo, biserrula, daga yankin Bahar Rum, tare da bakteriyarta WSM1271. Bayan shekara 6 aka samu 'yan ƙasa sun karɓe tsibirinta. Muka jera tukwanen yashi marar taki, muka shafa wa wasu na asalin, wasu kuma magada biyu, WSM2073 da WSM2075. Duka sun yi ƙululu. Amma na asalin ganyensa kore shar, na farkon magada ya tsumbure, na biyun kuwa ya yi rawaya kamar ba a shafa masa komai ba, ƙululunsa farare a ciki. Sun shiga ɗaki, suna cin abinci, ba sa biyan haya yadda ya kamata. Tsibirin ya ba su mabuɗi, amma sauran jikinsu bai dace da aikin ba, kuma sun fi baƙon sanin ƙasar, don haka za su iya riga shi kama saiwa. Wannan ya dame ni har yau, domin manomi ne ke biyan kuɗin.

Ba Mesorhizobium kaɗai ba ne. Rizobiyar wasu shuke-shuken a filasmid suke ɗauke da kayan, wato zoben DNA mai zaman kansa. Rizobiyar Azorhizobium da aka samo daga jikin wata shuka mai suna Sesbania a Senegal kuwa, sinadarin da saiwa ke fitarwa ne ke ƙara zuga tsibirinta ya tashi. A Barazil ma an samu shaidar cewa bakteriyar da ake shafa wa waken suya ta miƙa kayanta ga 'yan ƙasa. Mu ma yanzu ana shafa wa irin waken suya wannan baƙin gari mai ɗauke da rizobiyar Bradyrhizobium, a ƙasar da ta daɗe cike da rizobiyar wake da gyaɗa.

Da na dawo, damina ta yi nisa. Na bi Baba gona da reza a aljihu. Na tuge waken suya ɗaya, ya ce, "Kai kuwa me ya yi maka?" Na ce, "Baba, ku duba nan." Na tsaga ƙululu goma a tafin hannuna, muka ware jajaye gefe, farare gefe. Ya ɗauki fari ɗaya ya murje shi, ya tambaye ni ko a sake shafa garin baɗi. Na ce a shafa, kuma a bar mini kunya biyu ba a shafa ba, in zo in tsaga in gwada.